Duman Gidan Gwaggo

Unguwar Tsamiya, Kazage,
Birnin Gwari.
Satumba.

Zuwa ga Gwaggona Azumi,

Assalamu alaikum. Gwaggo, ki yi haƙuri zan fara da maganar kafin gaisuwa, don in na tsaya gaisuwa zuciyata za ta karaya in ninke takardar in tura ƙarƙashin katifa. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna: damina biyu ke nan ina shiga gidanki.

Kwaɗon da kika sa ranar da za ki tafi yana nan, ban taɓa shi ba. Katangar baya ce ta zube ta wajen rijiya, ta nan nake bi.

Yanzu sai gaisuwa. Ya gwiwar taki, ya aikin girkin makaranta, ya zaman Kaduna? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Baba ya yi zazzaɓi amma ya miƙe, har ya koma gona. Inna tana gaishe ki. An samu sauƙi sosai, mutane suna noma har bakin daji, kasuwa tana ci. Sabis ne dai har yanzu sai an hau dutse, kuma kin san kan dutsen nan, in kana waya rabin gari na tsaye a bayanka suna taya ka ji. Shi ya sa na ga gara in ba Nababa direba takarda.

Da farko karatu ne yake kai ni. A gida da zarar Inna ta gan ni da littafin soyayya sai ta tuna akwai wanke-wanke. A gidanki kuwa babu mai kirana. Ina zama a dokin ƙofar ɗakinki, daidai inda kike zama kina zanen ƙwarya ni kuma ina hura miki gawayi.

Bara sai na ga wani ganye ya fito a inda rumbun Baba Mailafiya ya rushe, Allah ya jiƙansa. Ashe duma ne, irin nasa, ya fito da kansa. Ya yi 'ya'ya, amma da yake ban san kansa ba duk suka kwanta a gefe guda suka baje, ƙasa ta cinye su. Bana da ya sake fitowa sai na tuna yadda mijinki yake yi: ya naɗa wa kowane ɗa gammo, ya zaunar da shi a kai kamar jariri mai koyon zama, don ya tashi a mulmule. Na yayyaga tsohon zanina na yi musu. Gwaggo, da kin gan su. Akwai guda ɗaya, in na rungume shi hannuwana ba sa haɗuwa.

Ga dalilin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru. An turo mana malamar gona daga Birnin Gwari, sunanta Malama Alice. Tana so a yi baje kolin kayan lambu da sana'ar hannu a filin firamare bayan an gama girbi. Mai unguwa ya amince, an yi shela. Gida-gida take bi a kan babur ɗinta, har rugage, tana cewa kowane gida ya kawo abin da ya fi alfahari da shi, ko albasa ce, ko doya, ko tukunya, ko faifai. Wai garin da ya daɗe a tsugunne sai ya ga abin hannunsa kafin ya yarda ya miƙe. Mutane suna ba ta ruwa, su saurare ta, su ce Allah ya kai mu. Da ta fita sai a kalli juna.

Ranar da ta zo gidanmu ina bayan labule. Ta tambaya ko akwai mai zanen ƙwarya a garin nan, Inna ta ce da akwai. Da. Haka ta faɗa.

Duman ba nawa ba ne. A ƙasarki ya fito, irin mijinki ne. Ina roƙon ki ba ni izini in kai shi. Kuma da za ki zo, ko na 'yan kwanaki ne, ki fafe ƙananan ki zana su, da Malama ta ga abin da ake kira ƙwarya.

Wani lokaci in ina zaune a can sai in rufe littafin, in ji kamar ga takun da nake jira ya doso zaure, kamar yanzu za a taɓa kwaɗon. In na leƙa sai in ga akuyar su Rahma ce.

Don Allah kar ki gaya wa Baba.

'Yarki,
Raudatu

*

Rigasa, Kaduna.
Satumba.

Rauda 'yar Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa tana nan da halinta, in ruwa zai sauka ita ke fara sanar da ni. Ki gaishe da Yaya Muttaka, ki ce na ce ya daina raina zazzaɓi. Ki gaishe da Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ya fi sabawa da muciya.

Takardarki ta same ni ina tsakar tuƙa tuwon 'yan makaranta. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

To, takun wa kike jira?

Rauda, ni ma na taɓa yin shekarunki. Yarinya ba ta tsallake katanga damina biyu saboda duma. Wane ne? Ɗan gidan wa? In mutumin kirki ne ya bi ta zauren Yaya ya yi sallama kamar kowa. Masu rubuta littattafan nan da kike karantawa ba su san Unguwar Tsamiya ba. A garin nan in aka ga budurwa ta fito daga kango da hantsi, kafin la'asar an gama ɗinka mata labari har da hula. Ban gaya wa Babanki ba, kuma ba zan faɗa ba, amma ki faɗa mini gaskiya. Ga macizai ma, gidan da ba a shara.

Maganar baje koli kuwa, malamar nan taku Allah ya saka mata, amma ba ta nan shekarar da marigayi ya shanya masara a kan rufi har masu wucewa suna tsayawa kallo. Na ce masa Malam a rufe, a kai ta ciki. Ya yi dariya ya ce arzikin Allah ba kayan sata ba ne da za a ɓoye. Ba a jima ba labari ya kai daji, wurin 'yan bindiga. Ya fita gona da goran ruwansa, goran aka fara kawo mini. Ke ƙarama ce a lokacin, amma kin san sauran.

Yanzu kuma a ce kowa ya fito da abin da yake da shi a fili, a jera a kan benci, a rubuta sunansa a jiki? Wa zai tsaya a ƙofar filin ya tantance idon da ya zo kallo da idon da ya zo ƙirga?

Duma ki bar shi ya ruɓe inda ya fito. Ba zan zo ba. Na rufe gidan nan ne don kar in sake ganinsa, ba don in dawo in yi masa ado ba.

Na ba Nababa sabulu da ɗan kunne ya kawo miki.

Gammon nan da kika ce, wa ya ce miki da tsumma ake yi? Tsumma yana riƙe ruwa, gindin zai ruɓe. Da busasshiyar ciyawa yake yi.

Gwaggonki,
Azumi

*

Unguwar Tsamiya.
Oktoba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi tunda ruwa ya fara ja baya. Mu duk lafiya, sai Inna da haƙori ya dama, an kai ta Birnin Gwari an cire. Na ga saƙo, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Ɗan kunnen yana kunnena yanzu haka.

Gwaggo, wallahi babu wani saurayi. Da na karanta wurin sai da na rufe fuskata, alhali ni kaɗai ce a ɗaki. Ni da ko mai shago ba na iya kallo in zan sayi ashana. Samarin cikin littafi ma ba sa zuwa kango, a mota suke zuwa, suna ƙamshin turare. Maganar takun kuwa ki bar ta tukuna, ban iya faɗarta ba.

Na canza gammo, na yi na ciyawa. Biyu daga cikin ƙananan gindinsu ya riga ya yi laushi, sauran suna nan ƙalau. Na san kin ce a bar su su ruɓe. Ban san wanne zan bi ba a cikin maganganun naki biyu, sai na bi ta ƙarshe.

Malama Alice ba ta gaji ba. Ta je wurin liman, ta je coci ranar Lahadi, ta zauna da matan ruga har ta sha fura. Ta ce ba kuɗi za a karɓa ba, ba haraji ba ne, ba gwamnati ce ke son sanin abin da ke rumbun kowa ba. Da naci da kunya dai yanzu kusan kowane gida ya ce zai kawo. Sai murna take yi, ta ce har baƙi za su zo daga Birnin Gwari.

Amma bari ki ji abin da ba ta sani ba.

Shekaranjiya Baba ya dawo daga fadama ya zazzage albasar fari a tsakar gida, ya tsuguna yana zaɓe. Manyan nan masu sheƙi yana mayar da su buhu, yana ware 'yan ƙanana kamar goro a gefe. Inna ta ce, "Malam, waɗannan ai ko miya ba za su yi ba." Ya ce na baje koli ne. Ta ce, "Ba mafi kyau aka ce a kai ba?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Shi ya sa."

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Ƙawata Rahma ta ce Baba Andrawus maƙwabcinku ya riga ya ware wata doya mai ƙafa uku da ɓera ya ɗanɗana, manyan kuwa ya ce ko matarsa kar ta san ramin da za su shiga. Matan ruga tsofaffin faya-fayai za su kawo. Mai tattasai zai kawo wanda tsutsa ta huda. Kowa yana so a ga ya fito, kowa yana so a ce wayyo, bana wane bai samu komai ba. Ba wanda ya haɗa baki da wani, kowa a ɗakinsa ya yanke, kuma duk abu ɗaya suka yanke.

Na so in gaya wa Malama. Na tsaya a bakin hanya har ta zo ta wuce, ta ɗaga mini hannu, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ina neman allura.

Na fahimci tsoronki, ba raina shi na yi ba. Har yanzu in babur ya wuce da gudu kowa yana yin shiru. Amma na yi ta tunani a dokin ƙofarki, sai na ga duk garin nan gidanki ne kaɗai zai iya fito da mafi kyawun abinsa ba tare da fargaba ba, tunda babu sauran abin da za a zo a ɗauka a cikinsa. In duman nan ya fita, wataƙila wani ya ji kunya.

Ki sake dubawa, Gwaggo.

'Yarki,
Raudatu

*

Unguwar Tsamiya.
Nuwamba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mu lafiya muke.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, ta kuma ci, ban ji daga gare ki ba. Ranar da Nababa ya dawo na tsaya a gindin tsamiya har ya gama sauke kaya, ya ce ya ba ki hannu da hannu, ba ki ce komai ba. Daga nan shi ma ban sake ganinsa ba, sai yaron motarsa da ya zo a wata motar, shi zan ba wannan.

Na yi ta juya abin da na rubuta miki a raina. Ina jin na san layin. A kaina ya yi daidai, sai da ya tafi na ji yadda zai sauka a naki. A littafi in mutum ya faɗi magana irin wannan sai ɗayan ya yi kuka su shirya a shafi na gaba. Ban yi tunanin ke ba shafi ba ce. Ki yafe mini.

Ganyen duman ya bushe, igiyar ta zama kamar zare. Baje koli saura kaɗan. Ba zan taɓa ko ɗaya ba sai kin ce. In ba ki ce ba, za su zauna a kan gammonsu har su gaji.

Ko layi ɗaya ne, in san kina lafiya.

Raudatu

*

Rigasa, Kaduna.
Nuwamba.

Rauda,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, kar ki tayar da hankalinki. Ki yi wa Innarki sannu da haƙori.

Eh, layin nan ne. Ya tsaya mini a wuya kamar ƙaya. Na ce wato abin da muka zama ke nan, gidan da aka gama da shi, har ya zama abin amfani saboda an gama da shi. Kuma daga bakin yarinyar da na goya. Na cusa takardar a cikin kwalla na rufe. Ranar har gishiri na zuba sau biyu a miyar yara.

Amma fushina bai kai tsawon shirun ba. Na rubuta amsa tun tuni, sai motar Nababa ta kwanta a Buruku, na rasa wanda zan ba. Da takardarki ta bayan nan ta zo na yaga waccan amsar, wannan sabuwa ce.

Ba haƙurin da kika bayar ne ya juya ni ba. Albasar Yaya ce. Da na huce na sake ɗauko takardar, na kai wurin da yake tsugune yana zaɓen ƙanana, sai na fashe da dariya, har abokiyar aikina ta leƙo. Daga dariyar ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ke ba ki san Babanki ba. Shi da marigayi duk kaka sai sun yi gardama a gindin tsamiya, wannan ya ɗaga albasa, wancan ya ɗaga duma, kowa yana cewa ɗan'uwansa bai iya noma ba. Yaya har a aljihu yake yawo da albasa don ya nuna wa mutane. Yau shi ne yake jin tsoron a san ya iya.

Na daɗe ina cewa mutum ɗaya suka ɗauke mini. Ashe sun bi gida-gida sun ɗauki wani abu, har a gidajen da ba su shiga ba. Wannan kam ban yarda a bar musu ba.

Ki kai duman.

A cikin ƙullin nan akwai ƙarafana na zane guda uku, da su na taho, ban san dalili ba. Ki zaɓi ƙaramin duma ɗaya ki gwada. Ki zagaye shi da zare ki shata layi da gawayi kafin ki sa wuƙa. In kin fafe ki jiƙa har cikin ya saki, ki kankare, ki shanya a inuwa, ba a rana ba, zai tsage. Ƙarfe sai ya yi ja, kuma kar ki danna, ki bar zafin ya yi aikin. Za ki ƙone, kowa ya ƙone.

Babban kar ki fafe shi, ki kai shi yadda yake. Marigayi daga mafi girma yake cire irin baɗi, sauran ko kallonsu ba ya yi. In za a rubuta suna kar a sa nawa, a sa nasa.

Zuwa dai ba zan iya ba. Ƙafata ba za ta ɗauki hanyar nan ba, kuma ba gwiwa nake nufi ba.

Lemun tsamin da ke bakin rijiya yana nan da rai?

Har yanzu ba ki faɗa mini takun wa kike jira ba. Ban manta ba.

Gwaggonki,
Azumi

*

Unguwar Tsamiya.
Disamba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya hutun makaranta? Mu lafiya lau. Yatsuna biyu sun ƙone kamar yadda kika ce, sun warke. Lemun tsami yana nan da rai, gefe ɗaya ya bushe, ɗaya gefen har ya yi 'ya'ya.

An yi baje koli.

Da safe na leƙa filin ban ɗauki komai ba. An jera bencin 'yan makaranta, an kafa rumfa, baƙi sun zo. Gwaggo, da kin ga abin da aka jera da kin ce fari aka yi shekara uku. Albasa kamar goro, doya mai ƙafa uku, kabewa ɗaya da ta fi kama da ƙwallon yara da ya sace. Kowa ya tsaya a bayan kayansa ya yi fuskar tausayi. Malama Alice tana bin benci tana cewa madalla, madalla, amma muryarta ta shige ciki. Na ga ta cire gilashinta tana gogewa da bakin zani ta daɗe.

Na koma gidanki na zauna kusa da duman. Na ce ba zan iya ba. Daga nan zuwa firamare sai an ratsa tsakiyar gari, ni da ko aike aka yi mini ta bayan gidaje nake bi. Na ɗauki littafina na buɗe, na kasa gane ko layi ɗaya. Sai na ɗauki gammon ciyawar da yake zaune a kai na ɗora a kaina, na ɗora duman.

Ban ga hanya ba, ƙafafuna kawai nake kallo. Na dai ji surutun filin yana raguwa har ya ɗauke. Na rasa inda zan ajiye, sai na ajiye kusa da albasar Baba, don nan ne kaɗai na ga fuskar da na sani. Malama ta zo ta tambaye ni na wane ne. Sau biyu na faɗa kafin ta ji. Ta rubuta a kwali ta jingina: Malam Mailafiya.

Wata tsohuwa daga ruga ta matso ta shafa shi ta ce ta san irin nan, ƙwaryar aurenta daga gidan ta fito. Sai Baba Andrawus ya dubi duman, ya dubi doyarsa, ya ce, "To, jama'a, wato wanda ke kwance a maƙabarta ya fi mu noma ke nan?"

Wani ya yi dariya ya kama bakinsa. Baba bai yi ba. Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya tattara albasarsa a gaban riga ya fita bai kalle ni ba. Na ce shi ke nan, yau na shiga uku, ga shiga kango ga tona asiri. Ina tsaye ina haɗiye kuka sai ga shi da kwando a ka, shi da kansa, bai aiki kowa ba. Ya juye manyan nan a kan benci har suna gangarowa ƙasa. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye a jikin duman, ya ce a hankali, kamar da mutum yake, "Bana ma ban yarda ka fi ni ba."

Daga nan filin ya rikice. Matar Baba Andrawus ta tafi ta dawo da doya a kafaɗa, ashe ta san ramin tun tuni, shi kuwa yana bin ta yana cewa wa ya nuna mata. Matan ruga suka aika aka kawo sababbin faya-fayai masu launi. Tukwane suka fito, huluna suka fito, har da zuma. Ba kowa ba dai. Akwai waɗanda suka tsaya a kan ƙananansu har aka tashi, kuma ban ga laifinsu ba. Inna ma ta yi kwanaki in babur ya wuce sai ta dafe ƙirji. Har yau dai lafiya, muna roƙon Allah ya ɗorar.

Ƙwaryar da na zana ba ta ci komai ba, layukan sun karkace kamar hanyar tururuwa. Duman ne ya ci, aka ba shi butar ban ruwa koriya. Na kai ta gidanki, da ita nake ba lemun tsami. Baba bai yi mini faɗa ba. Washegari ya ɗebi ƙasa ya fara gyara katangar da ta zube, ya bar mini 'yar ƙofa.

Saura tambayarki.

Naki ne, Gwaggo. Takunki ne. Yadda kike jan silifas ɗin hagu saboda gwiwa, ki tsaya a zaure ki ce, "Wa ke nan, Rauda ce ko aljana?" Tun ranar da motar ta tafi da ke ban faɗa wa kowa ina kewarki ba, don kowa yana da wanda ya rasa, na ga nawa ma da ranta, ina zan kai kuka? Sai na riƙa zuwa inda ƙamshin gawayinki ya taɓa zama. Da Malama ta zo da maganar baje koli na yi murna, don na samu abin da zan laɓe a bayansa in ce ki zo. Yanzu ya wuce, ba ni da sauran abin laɓewa.

Ki dawo. Ba na ce yau ba, ba na ce ki kwana a gidan ba, ɗakin Inna yana nan.

Babban duman yana ɗakinmu a kan gammonsa. Ya bushe sarai, in na girgiza shi ina jin irin yana motsi a ciki. Mutum uku sun roƙe ni iri, har da Malama. Na ce musu ba ni da ikon fafe shi, mai shi tana Kaduna. Kuma ba zan fafe ba. Kin fi ni sanin lokacin da ake shuka duma.

Wannan takardar ta daɗe a ƙarƙashin katifa. Nababa ya je ya dawo ban ba shi ba, ina tsoron kar in sake rubuta layin da zai tsaya miki a wuya. Na karanta ta har na haddace, na rasa abin da zan cire. Yanzu haka yana gindin tsamiya yana lodi, albasar Baba ce a saman motar, ko tamfol ba a rufa mata ba. Na ji ya fara hon.

Bari in sa hijabi. Ta tsakiyar gari zan bi in miƙa masa.

'Yarki,
Raudatu